DARASI: ƘAZAMIN RUWAN ƘAUYE DA KIYAYE TAFKIN DA KE GANGARE

Manufar Darasi

Manufar wannan darasi ita ce mai karatu ya gane inda ƙazamin ruwan da ke fita daga gidaje yake ƙarewa, da irin ɓarnar da yakan yi wa tafki ko madatsar ruwa da ke gangaren ƙauye, ya kuma san hanyoyin da ƙaramin ƙauye zai iya tsabtace wannan ruwa da abin da yake da shi a hannu.

Gabatarwa

Jihar Nasarawa, wadda aka cire daga tsohuwar Jihar Filato ranar 1 ga Oktoba, 1996, ƙasa ce mai wadatar ruwa. Damina takan kama daga watan Afrilu ta kai Oktoba, ruwan saman da akan samu a shekara kuwa ya wuce milimita 1,000. Rafuffuka da koguna na wannan yanki, irin su Amba da ke wajen Lafia da kuma Mada, suna gangarawa kudu ne zuwa Kogin Binuwai. A wasu wurare ruwan yakan tsaya ya taru. Akwai madatsar ruwa ta Doma, kudu maso yammacin Lafia, wadda hukumar raya kwarin Kogin Binuwai mai hedkwata a Makurɗi ta gina a kan rafin Ohina domin noman rani. Akwai tafkin Peperuwa a ƙaramar hukumar Lafia, akwai kuma tafkin Hunki a ƙasar Awe. Masunta suna cin abinci daga waɗannan ruwaye, makiyaya suna shayar da shanu, mata suna wanki a bakinsu, yara kuma suna iyo.

Dukan ruwan da ke cikin tafki daga tudu ya zo. Kafin ya iso, ya bi ta gonaki da kasuwanni da bayan gidajen mutane, ya kwaso abin da ya tarar. Saboda haka a bayan gidajen ƙauyukan da ke tudu ne ake gyara tafki ko a ɓata shi, sau da yawa kuwa mutanen da suke ɓata shi ba su taɓa ganin fuskar waɗanda za su sha wahalar ba. Wannan shi ne ainihin abin da darasin yake so ya koyar.

Kashi na Ɗaya: Mene Ne Ƙazamin Ruwa?

Ƙazamin ruwan ƙauye iri uku ne. Na fari shi ne wanda ya haɗu da bayan gida da fitsarin mutum. Wannan ya fi kowanne haɗari, gama masana kiwon lafiya sun ƙiyasta cewa giram ɗaya tak na bayan gida yana iya ɗauke da ƙwayoyin bakteriya miliyan ɗaya, da ƙwai ɗari na tsutsar ciki, ban da wasu ƙwayoyin cuta da suka fi waɗannan ƙanƙanta da yawa. Sa'ad da mutum ya zaga daji ko bakin rafi, abin da ya bari yakan bushe da rani ya zauna, sai ruwan farko na damina ya wanke shi gaba ɗaya zuwa rafi. Wannan yana ɗaya daga cikin dalilan da suka sa amai da gudawa suka fi yawa a farkon damina.

Na biyu shi ne ruwan wanka, da na wanki, da na wanke-wanke, wanda yakan fita ta rariya ya kwanta a lungu ya zama dagwalo. Mutane da yawa suna ɗauka ba shi da illa, amma yana ɗauke da sabulu, da maiƙo, da ragowar abinci, har da ƙazantar jarirai da akan wanke daga tsummoki.

Na uku shi ne ruwan sana'a. A ƙasar Lafia da kewaye ana sarrafa rogo ƙwarai, ruwan da ake matsewa daga rogo mai ɗaci kuwa yana da dafi, dabba takan sha ta mutu, kifi ma ba ya jure masa. Haka nan ruwan da ake zubarwa bayan an turara shinkafa, da jini da tumbi na mayanka, da kashin shanu da na aladu, da takin zamani da ruwan sama yake wankewa daga gona.

Abin da ke cikin waɗannan ruwaye ya kasu gida uku: ƙwayoyin cuta, da abubuwa masu ruɓewa, da sinadaran taki, musamman naitirojin da fosfaras. Kowanne yana da irin tasa ɓarna, kowanne kuma da yadda ake raba shi da ruwa.

Kashi na Biyu: Dalilin da Ya Sa Tafki Ya Fi Rafi Saurin Lalacewa

Rafi yana gudu. Yayin da yake karo da duwatsu yana shan iska, abin da aka zuba masa yau kuwa gobe ya yi gaba. Tafki ba haka yake ba. Ruwan da ya shiga madatsa yakan yi watanni bai fita ba, abin da ya kawo kuma sai ya kwanta a ƙasa ya haɗu da laka. Da rani, sa'ad da rana take shanye ruwan, ƙazantar ba ta tashi tare da tururi, sai dai ta ƙara kauri a cikin ɗan ruwan da ya rage, daidai lokacin da mutane da dabbobi suka fi bukatarsa.

Abubuwa masu ruɓewa suna cinye iskar oksijin da ke narke a cikin ruwa, wadda ita ce kifi yake shaƙa. Sinadaran taki kuwa suna yi wa tafki abin da suke yi wa gona, wato suna sa tsiro ya yi yawa. Gansakuka takan yaɗu har ruwan ya koma kore, kainuwa ta rufe fuskarsa. Da rana gansakuka tana ba da oksijin, amma da dare ita ma shaƙa take yi, saboda haka gab da asuba iskar takan ƙare. Shi ya sa masunta sukan tarar da kifi ya taso sama yana haki da sassafe, wani lokaci kuma su tarar da shi matacce a bakin gaɓa. In gansakukar ta mutu ta nutse, ruɓewarta takan ƙara cinye iskar da ta rage. Akwai kuma wani irin kore-kore mai kama da fenti da yakan taso a kan ruwa mai ɗumi, wanda yake fitar da guba mai lahani ga hanta. Tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya kawar da wannan guba.

Abin da ya fi wuya shi ne fosfaras. In ya kwanta cikin lakar tafki, yakan riƙa komowa cikin ruwan shekara da shekaru, ko da an daina zubo sabo. Ke nan tsare tafki tun bai lalace ba ya fi gyaransa sauƙi nesa ba kusa ba. Rigakafi, in ji masu iya magana, ya fi magani.

Kashi na Uku: Cututtukan da Ke Bin Ruwa

Cutar kwalara ta shigo Nijeriya a ƙarshen shekarar 1970, tun daga nan kuwa ba ta rabu da ƙasar ba. A 1991 an ba da rahoton mutum fiye da 59,000 da suka kamu, fiye da 7,600 suka rasu. A 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa ta ƙidaya fiye da mutum 111,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 3,600 kuma suka rasa rayukansu, mafi yawansu a jihohin Arewa. Tun 1854 wani likita a birnin Landan mai suna John Snow ya bi sawun masu kwalara gida gida, ya gano cewa daga rijiyar famfo guda suke sha. Daga baya aka tarar akwai ramin masai dab da rijiyar. Hanyar cutar ba ta sake ba har yau: daga bayan gidan wani zuwa bakin wani. Taifod, da atuni, da shawara mai bin ruwa, da tsutsar ciki duk wannan hanya suke bi.

Tsargiya kuwa ta fi kowace cuta dangantaka da tafki. Mai tsargiya yakan fitar da ƙwan tsutsar a cikin fitsarinsa, wani irin kuma a cikin bayan gida. In ƙwan ya sami ruwa sai ya ƙyanƙyashe, 'yar tsutsar ta shiga jikin wata ƙaramar katantanwa da ke zama a cikin ciyawar bakin ruwa. Bayan 'yan makonni dubban tsutsotsi da ido ba ya gani sukan fito daga katantanwar, su huda fatar duk wanda ya shiga ruwan. Yaro ya fara fitsarin jini, jininsa ya ragu, karatunsa ya ja baya. In an bar cutar ta daɗe takan lalata mafitsara da ƙoda. A ƙasar Gana, bayan an gama madatsar Akosombo a 1965 aka sami babban tafkin Bolta, tsargiya ta yaɗu ƙwarai a ƙauyukan bakin tafkin, inda a dā ba ta da yawa. A nan gida, Cibiyar Carter tare da ma'aikatun lafiya ta fara raba maganin tsargiya a jihohin Filato da Nasarawa a 1999. Maganin yana kashe tsutsar da ke jiki, amma ba ya hana sake kamuwa. Muddin ana fitsari a cikin ruwa, yaron da ya sha magani bana zai sake kamuwa baɗi.

Kashi na Huɗu: Abin Koyi Daga Wurare Biyu

Rafin Jakara yana tasowa ne daga cikin birnin Kano, yana kwashe ruwan lambatun unguwanni masu yawa. A gaba sai ya haɗu da rafin Getsi, wanda yake ɗauko ruwan masana'antun Bompai, su gangara tare zuwa madatsar Wasai a ƙasar Minjibir, wadda aka gina a shekarun 1970. Manoman lambu suna ban-ruwa da wannan ruwa, masunta kuma suna su a cikin madatsar. Masu bincike na Jami'ar Bayero da wasu jami'o'i sun sha auna ruwan da ganyayen da ake nomawa da shi, suna samun ƙwayoyin cuta da sinadaran ƙarfe masu lahani. Mutanen Wasai ba su ne suka zuba ƙazantar ba, amma a wurinsu take sauka. Ƙauyukan da ke kewaye da Doma ko Peperuwa ba su kai Kano yawan jama'a ba, ba su kuma da masana'antu irin nata, sai dai ƙa'idar ɗaya ce, ƙauyen yau kuma shi ne garin gobe.

Misali na biyu daga Amurka yake. Tafkin Washington da ke gefen birnin Siyatil ya fara komawa kore a shekarun 1950, domin garuruwan da ke kewaye suna zuba masa ruwan masai. Abin lura shi ne, ana tace ruwan kafin a zuba, amma tacewar ba ta cire fosfaras. Wani malamin jami'a mai suna Edmondson ya yi ta auna ruwan yana faɗakar da jama'a. A 1958 mutanen yankin suka jefa ƙuri'a suka kafa hukuma guda da za ta ɗauki nauyin aikin, daga 1963 zuwa 1968 kuwa aka janye dukan bututan daga tafkin. Cikin 'yan shekaru ruwan ya washe. Wannan labari yana koyar da abu biyu. Na ɗaya, tafki yana iya farfaɗowa in an tsai da abin da ke shiga cikinsa. Na biyu, babu gari ɗaya da ya isa ya yi aikin shi kaɗai, sai da dukan waɗanda suke zuba wa tafkin ruwa suka haɗa kai.

Kashi na Biyar: Yadda Ƙauye Zai Tsabtace Ruwansa

Manyan birane suna amfani da injuna. Abuja tana da matatar ƙazamin ruwa a Wupa, mai bukatar wutar lantarki da injiniyoyi dare da rana. Ƙauye ba ya bukatar irin wannan, ba zai ma iya riƙe ta ba. Abin da ƙauye yake da shi shi ne fili, da zafin rana, da tsire-tsire, da lokaci, waɗannan kuwa sun isa in an yi aiki da su bisa ƙa'ida. Hanyar da za a zaɓa ta dangana ga yawan ruwan da ake zubarwa.

1. Masai ga kowane gida. Inda ake ɗebo ruwa a ka, ba a zubar da ruwa mai yawa, saboda haka salga ita ce matakin fari. A haƙa ta aƙalla mita 30 daga rijiya ko burtsatse, a gangaren rijiyar, kada a yi ta a samanta. Gindin ramin ya kasance aƙalla mita ɗaya da rabi sama da inda ruwan ƙasa yake kaiwa a tsakiyar damina. Wannan ƙa'ida tana da muhimmanci a ƙasar Lafia, gama ƙasar tana da yashi, ruwa yana ratsa ta da sauri. A fadama, inda ruwa yake kusa, sai a ɗaga ginin sama da bulo. A shekarun 1970 wani mai bincike a ƙasar da yanzu ake kira Zimbabuwe, Peter Morgan, ya ƙago salga mai bututun iska. Ana kafa dogon bututu daga ramin ya wuce rufin, a rufe bakinsa da raga. Wari yakan fita ta bututun, ƙudaje kuma su bi hasken da ke sama, ragar ta tare su, su mutu a ciki. Wata dabara kuma ita ce rami biyu: in ɗaya ya cika sai a rufe shi a koma ɗayan. Bayan shekara biyu abin da ke ciki ya zama baƙar ƙasa wadda za a iya kwashewa a kai gindin itatuwa.

2. Ramin tsotse ruwan wanka. A bakin rariya a haƙa rami mai zurfin kamar mita ɗaya ko fiye, a cika shi da duwatsu, manya a ƙasa, tsakuwa a sama, a rufe. Ruwan wanke-wanke ya fara bi ta wani ɗan akwati ko tsohuwar tukunya inda maiƙo da ragowar tuwo za su tsaya, a riƙa kwashe su kowane mako, in ba haka ba ramin zai toshe. Wasu sukan karkata ruwan zuwa gindin ayaba ko gwanda, waɗanda suke shanye shi su ba da 'ya'ya.

3. Tankin ƙasa da gadon ciyawa. Makaranta, da asibitin ƙauye, da harabar majami'a ko masallaci inda jama'a suke taruwa, da gidajen da ke da masai na ruwa, suna bukatar tankin siminti mai ɗaki biyu a cikin ƙasa. A ciki abu mai nauyi yakan kwanta, maiƙo ya taso, ruwan tsakiya ya wuce. Kada a ɗauka ruwan da ya fito daga tankin ya tsarkaka, gama har yanzu cike yake da ƙwayoyin cuta. Daga nan sai a bi da shi ta gadon ciyawa, wato fili mai zurfin kamar rabin mita ko fiye kaɗan, wanda aka daɓe gindinsa da yumɓu, aka cika da tsakuwa, aka dasa kacala ko jema a kai. Ruwan yana tafiya a hankali a ƙarƙashin tsakuwar, ba ya fitowa fili balle sauro ya yi ƙwai. Ƙananan halittu da ke manne da saiwoyi da tsakuwa suna cinye ƙazantar, ciyawar kuma tana shan wani kashi na takin. Wata masaniyar tsirrai a Jamus mai suna Käthe Seidel ce ta fara gwada wannan hanya a shekarun 1950. Dole a riƙa yanke ciyawar ana kwashewa, domin in ta ruɓe a wurin, takin da ta sha zai koma cikin ruwan.

4. Kududdufai masu bin juna. Inda jama'a suke da yawa kuma akwai ruwan famfo, kamar babbar makarantar kwana, hanyar da ta fi dacewa da ƙasa mai zafi ita ce kududdufai uku ko huɗu a jere. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta yi amfani da irin wannan tsari. Na fari mai zurfi ne, mita 2 zuwa 5, inda dauɗa take kwantawa ta ruɓe. Na biyu mai faɗi ne, zurfinsa mita 1 zuwa 2, inda gansakuka take ba da oksijin, ƙananan halittu kuma su ƙarasa cinye abin da ya rage. Na ƙarshe ba su da zurfi, domin hasken rana ya ratsa ya kashe ƙwayoyin cuta, ƙwan tsutsa kuma ya nutse. Ga misalin lissafi: mutum 500, kowa yana zubar da lita 40 a rana, ya zama lita 20,000. In ana so ruwan ya yi kwana 25 yana ratsa kududdufan, ana bukatar wurin da zai ɗauki lita 500,000. In matsakaicin zurfi mita ɗaya da kwata ne, fuskar ruwan za ta kai kamar mita 20 tsawo, mita 20 faɗi, sai a ƙara filin gaɓa da shinge. Wannan lissafi na nuni ne kawai, ainihin awon aikin injiniya ne. A yi kududdufan nesa da gidaje, a kewaye su da shinge saboda yara da dabbobi, a kuma riƙa share ciyawar bakinsu saboda sauro. A 1989 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ma'auni cewa ruwan da za a yi ban-ruwan ganyayen da ake ci ɗanye da shi kada ya wuce ƙwan tsutsa ɗaya a cikin lita guda. Kududdufan da aka tsara da kyau suna iya kai ruwa wannan matsayi. Mafi alheri kuma shi ne ruwan ƙarshe ya tafi gonar itatuwa ko ta rake maimakon rafi, domin takin da zai ɓata tafki shi ne zai amfani gona.

5. Inda ake zubar da abin da aka yashe. Tankin ƙasa yakan cika bayan 'yan shekaru. In mai yashewa ya kwashe ya juye a rafi da dare, dukan wahalar da aka sha ta tashi a banza. Ya wajaba ƙauye ya keɓe wuri a kan tudu, nesa da rijiya da rafi, inda za a haƙa dogayen ramuka a zuba, a rufe da ƙasa, a dasa itatuwa a kai. Ruwan rogo da na mayanka su ma a yi musu ramukansu dabam.

6. Shingen ciyawa a bakin ruwa. Kada a yi huɗa har bakin gaɓa. A bar ɗamarar ciyawa da itatuwa tsakanin gona da ruwa, domin ta rage gudun ruwan sama ta tare laka da taki. Jema ta dace da wannan aiki saboda zurfin saiwarta. A ware mashayar dabbobi dabam da inda mutane suke ɗiban ruwa, a kuma gina masai kusa da inda masunta suke sauka da inda mata suke wanki.

Kashi na Shida: Wane Ne Zai Kula?

Mafi yawan ayyukan tsabta ba wajen gini suke mutuwa ba, wajen kulawa ne. Ana iya ganin masai na makaranta da aka buɗe da biki, bayan shekara biyu ƙofa ta ɓalle, rami ya cika, yara sun koma daji. A matakin ƙasa ma an ga haka. A watan Nuwamba na 2018 Gwamnatin Tarayya ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ruwa da tsabta, a Nuwamba na 2019 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan umarnin kawo ƙarshen bayan gida a fili kafin ƙarshen 2025. Binciken gwamnati na 2021 ya nuna kimanin mutum miliyan 48 ne suke zagawa a fili. Wa'adin ya cika ba a kai ga buri ba. Duk da haka Jihar Jigawa ta sami shaidar kawar da wannan al'ada a 2022, ta zama ta fari a ƙasar, ta hanyar bin ƙauye ƙauye tare da hakimai da dagatai da masu unguwanni.

Saboda haka kowane aiki ya kasance da mai shi. A kafa kwamiti ƙarami wanda mata suke ciki, gama su ne suka fi sanin inda ruwa yake fitowa da inda yake zuwa. A sa ɗan kuɗin da kowane gida zai riƙa bayarwa, a rubuta shi a littafi, a karanta wa jama'a. A sa ranar aikin gayya kafin faɗuwar damina domin share magudanai da duba ramuka. A nemi shawarar ma'aikatan duba-gari na ƙaramar hukuma da hukumar samar da ruwa da tsabta a karkara ta jiha. Fiye da kome, ƙauyukan da suke kan rafi ɗaya su zauna tare, na tudu da na gangare, manoma da makiyaya da masunta, ko da harshensu da addininsu sun bambanta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kammalawa

A 1988 an ƙidaya fiye da mutum 650,000 masu ciwon kurkunu a Nijeriya. Babu allurar rigakafinsa, babu kuma maganin sha. Da ƙyallen tace ruwa, da hana mai ciwon shiga tafki, da naciyar masu aikin sa kai a ƙauyuka aka yaƙe shi, har a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ƙasar shaidar rabuwa da shi. Tsare tafki daga ƙazamin ruwa aiki ne irin wannan: ƙananan abubuwa ne da gidaje masu yawa za su yi, su kuma dinga yi ba fashi. Mutumin da ya haƙa salga a inda ya dace, ya kuma tare ruwan rariyarsa, ya kiyaye 'ya'yansa, ya kuma kiyaye 'ya'yan masuncin da ke gangare wanda watakila ba za su taɓa haɗuwa ba.

Tambayoyi Domin Tattaunawa

1. Waɗanne iri uku ne na ƙazamin ruwan ƙauye, wanne ne kuma ya fi yawa a inda mai karatu yake zaune?

2. Me ya sa kifi yakan taso sama da asuba a tafkin da ya koma kore?

3. Don me shan maganin tsargiya kaɗai bai isa ya raba ƙauye da cutar ba?

4. Wane abu ne labarin Jakara da na tafkin Washington suke koyarwa game da haƙƙin na gangare a kan na tudu?

5. A cikin hanyoyi shida da aka bayyana, wacce ce za a iya farawa kafin damina mai zuwa ba tare da jiran taimako daga waje ba?

Aikin Yi

Ƙungiyar da ta yi nazarin wannan darasi ta zaɓi mutum uku ko huɗu su bi ruwan rariya guda da ƙafa, daga bakin gida har inda ya shiga rafi. Su auna tazarar da ke tsakanin kowace rijiya da salgar da ta fi kusa da ita, su rubuta abin da suka gani, su kawo rahoto a zama na gaba, sa'an nan a kai wa mai unguwa.